Tseren Monako: Ƙasar da Ta Rasa Fili, Ta Ba da Titunanta

Monako ƙasa ce da mai lafiyar ƙafa zai ratsa ta daga wannan iyaka zuwa waccan cikin abin da bai wuce awa guda ba. Faɗinta murabba'in kilomita 2 ne da ɗan ɗoriya, tana maƙale a jikin dutse a bakin tekun Bahar Rum, Faransa ta kewaye ta ta ko'ina in ban da ɓangaren ruwa. Mazaunanta ba su cika 40,000 ba. Duk da wannan ƙunci, kowace shekara sai a rufe titunan da mutane ke bi zuwa kasuwa da makaranta, a kafa shingen ƙarfe a gefensu, a saki motocin da suka fi kowace mota gudu a fagen tsere su yi ta zagaya gari har sau 78. Wannan shi ne tseren Monako na gasar Formula 1.

Mu a Nijar, tseren mota da muka sani shi ne na Paris-Dakar, wanda ya sha ratsa Agadas da hamadar Tenere kafin a ɗauke shi daga Afirka. Wancan tsere ne na sarari, inda babban tsoron direba shi ne ya ɓata a cikin rairayi. Na Monako kishiyarsa ne. Babu inda za ka ɓata, babu kuma inda za ka kauce. Idan ka yi kuskuren da bai fi faɗin tafin hannu ba, ƙarfe na nan yana jiranka. A shirin wasannin da nake gabatarwa, ƙwallon ƙafa da kokawa su ke cinye lokaci, tseren mota sai dai a ba shi minti biyu a ƙarshe. Shi ya sa na ga gara in kawo labarin nan a rubuce, inda babu mai ɗaga mini hannu ta bayan gilashi cewa lokaci ya ƙure.

Wanda ke son ya gane dalilin da zai sa ƙasa ta miƙa titunanta ga irin wannan kasada, sai ya koma baya kaɗan. Gidan sarautar Grimaldi ya kama dutsen Monako tun 1297. A da ƙasar ta fi haka girma, domin garuruwan Menton da Roquebrune nata ne, kuma lemo da zaitun ɗin da ake nomawa a can su ne ke riƙe baitulmali. A 1848 garuruwan biyu suka ɓalle, a 1861 aka miƙa su ga Faransa a hukumance. Aka bar Yarima Charles na uku da dutse da ruwa. Dabarar da ya yi ita ce ya buɗe gidan caca domin baƙi masu kuɗi, a unguwar da aka raɗa wa sunansa, Monte Carlo. Kuɗi ya shigo har ta kai a 1869 ya soke harajin kuɗin shiga. Wani abin ban dariya, har yau doka ta hana ɗan ƙasar Monako yin caca a wannan gida. Mai dafa abincin ya san abin da ya zuba a ciki.

Tun daga nan rayuwar Monako ta rataya a kan abu guda, wato jawo baƙo da sa shi ya kashe kuɗi. A 1911 ƙungiyar masu kekuna da motoci ta ƙasar, wadda ta samo asali a 1890 a matsayin ƙungiyar mahaya keke, ta ƙirƙiro gangamin motoci na Monte Carlo. Direbobi su taso daga biranen Turai daban-daban a tsakiyar hunturu, su haɗu a Monako. Abin ya karɓu. Sai dai lokacin da ƙungiyar ta nemi babbar hukumar ƙungiyoyin motoci ta duniya da ke Paris ta amince da ita a matsayin ƙungiyar ƙasa mai zaman kanta, sai aka ƙi. Hujjar da aka ba su mai zafi ce, amma gaskiya ce: gangamin naku a kan hanyoyin ƙasashen wasu ake yin sa, ku nuna mana tsere ɗaya da ake yi a cikin ƙasarku daga farko har ƙarshe.

Wanda ya je Paris ya kwaso wannan kunya shi ne Antony Noghès, ɗan shugaban ƙungiyar, mutumin da ke harkar taba sigari. Da ya dawo, bai nemi fili ba, domin ya san babu. Sai ya dubi titunan garin kamar yadda suke, da hawa da gangara da layin dogon taragon cikin gari, ya zana zagaye a kansu. Ya sami goyon bayan Yarima Louis na biyu, da na Louis Chiron, ɗan ƙasar da ya riga ya yi suna a tseren mota a Turai. Ashe tseren da yau ake kira na alfarma, asalinsa neman rajista ne.

Bari in zagaya da kai hanyar, domin ita ce jigon labarin, kuma ba ta sauya sosai ba tun wancan lokaci. Ana tashi a wani titi da ke kallon tashar jiragen ruwa. Kwanar farko tana gaban wata ƙaramar majami'a mai suna Sainte-Dévote, daga nan sai a hau tudu da ƙarfi zuwa dandalin gidan caca. Daga dandalin sai gangara, har zuwa wata kwana mai siffar ƙugiya a gaban wani otal, wadda ita ce kwana mafi jinkiri a duk gasar Formula 1. A nan motar da aka ƙera don gudun kilomita 300 a awa sai ta koma wajen 50, kamar mai neman adireshi, har sai an yi wa sitiyarin motocin gyara na musamman kafin su iya shan ta. Sai a sauko bakin teku, a shiga hanyar da ta bi ta ƙarƙashin gini, a fito daga duhu zuwa hasken rana a wurin da ya fi ko'ina gudu, a kuma taka birki nan take saboda wata 'yar karkata da ke bakin ruwa. Sauran hanyar tana bin gefen tashar, ta kewaye wurin ninkaya, ta sha kwanar wani gidan abinci mai suna Rascasse, sannan kwanar ƙarshe, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Noghès. Duka-duka kilomita 3.337.

Ranar 14 ga Afrilu, 1929, motoci 16 suka tsaya a layi. Ƙuri'a aka jefa don sanin wanda zai tsaya gaba. Chiron, wanda ya taimaka aka haifi tseren, bai samu halarta ba, domin ya riga ya ɗauki alkawarin tseren Indianapolis a Amurka. Zagaye 100 aka yi, kusan awa huɗu ana abu ɗaya. Wanda ya ci wani mutum ne da ya rubuta sunansa a taƙaice, "Williams", a cikin koriyar Bugatti. Cikakken sunansa William Grover-Williams, uba Ba'ingile, uwa Bafaranshiya. Ƙarshensa ya fi farkonsa nauyi. Da Jamus ta mamaye Faransa a yaƙin duniya na biyu, sai ya shiga aikin leƙen asirin Birtaniya, aka sauke shi da laima a Faransa don ya shirya masu turjiya. An kama shi a 1943, aka kashe shi a sansanin Sachsenhausen a 1945, ana dab da gama yaƙin. Akwai mutum-mutuminsa a Monako yau, yana zaune cikin motarsa.

Chiron ya rama a 1931, ya ci a gaban mutanensa. Ka riƙe wannan shekara, za mu dawo kanta.

A 1933 aka yi wani sauyi da a lokacin ya yi kama da ƙaramin abu. Aka daina ƙuri'a, aka ce wanda ya fi gudu a gwaji shi zai tsaya gaba. Monako ce ta fara wannan a manyan tseren Turai, kuma yau duk duniya haka ake yi. Ba mamaki a nan aka fara. A hanyar da shan gaban wani yake da wuya, barin matsayin farawa a hannun ƙuri'a kamar raba gado ne da rufe ido.

An tsaya saboda yaƙi, aka dawo a 1948. A 1950 aka kafa gasar direbobi ta duniya, kuma Monako ce zango na biyu. A zagayen farko na ranar, igiyar ruwa ta tsallako daga tashar ta jiƙa kwalta a wata kwana da ake kira Tabac. Motoci tara suka tsunduma cikin juna a wurin. Juan Manuel Fangio na Ajantina, wanda ke gaba, ya riga ya wuce, bai san abin da ya faru a bayansa ba. Da ya zagayo a guje zai shiga kwanar, wadda ba a hango bayanta, sai ya lura da wani abu: maimakon ya ga fuskokin 'yan kallo suna dubansa, shi da ke kan gaba, sai ya ga ƙeyarsu. Ya ce a ransa lallai akwai abin da ya fi shi ɗaukar hankali a can. Ya taka birki, ya lallaɓa ta tsakanin tarkacen, ya ci tserensa na farko a gasar duniya. A duk labaran Monako wannan na fi so, domin ya nuna abin da tseren cikin gari ke nema a wurin direba. Sai ya iya karanta gari da mutanensa yana cikin gudu.

A 1955 Alberto Ascari na Italiya, wanda ya ci gasar duniya sau biyu, ya kasa shan karkatar bakin ruwa, ya tsallake da motarsa ya faɗa cikin teku. 'Yan kallo suka ga tururi kawai yana tashi. Can sai ga hularsa ta ɓullo, yana iyo, aka tsamo shi da rauni a hanci. Kwana huɗu bayan haka ya je filin tsere na Monza, ya karɓi wata mota don ya ɗan gwada, ya kife ya mutu. Ruwa ya sake shi, ajali na jiransa a tudu.

Abin da ya tilasta wa Monako ta dubi kanta ya faru a 1967, a wannan karkata ɗin dai. A lokacin abin da ke raba mota da turakun tashar jiragen ruwa shi ne dammunan busasshiyar ciyawa. Lorenzo Bandini, direban Ferrari, yana na biyu, yana bin Denny Hulme, an shiga zagaye na 82 cikin 100, gajiya ta kama kowa. Motarsa ta daki gefe, ta kife a kan ciyawar, tankin mai ya fashe. Ciyawar da aka ajiye don ta kare rai ita ta zama makamashi. Masu aikin ceto ba su da kayan da za su tunkari wutar, aka ɗauki mintoci kafin a ciro shi, tsere kuma bai tsaya ba, motoci na wucewa ta gefen wutar. Ya rasu a asibiti bayan kwana uku. Shekarar da ta biyo baya aka rage zagayen zuwa 80, Ferrari ta ƙi zuwa, aka kawar da ciyawa, shingen ƙarfe ya maye gurbinta. A ganina duk wanda ke yabon "jarumtar zamanin da" a wannan wasa, ya kamata a fara nuna masa hoton wannan rana. Yawancin abin da ake kira jarumta a lokacin, sakacin masu shiryawa ne da direbobi ke biya da jikinsu.

Shekarun 1960 na Graham Hill ne, Ba'ingilen da ya ci sau biyar har aka yi masa laƙabi da sunan garin. Shi kaɗai ne kuma har yau ya haɗa Monako da Indianapolis da Le Mans. Amma sunan da ya manne da waɗannan tituna shi ne na Ayrton Senna ɗan Barazil.

Senna ya fara zuwa a 1984, sabon shiga, cikin motar wani ƙaramin kamfani, Toleman, ya tashi daga matsayi na 13. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A cikin ruwan nan ya dinga wuce manya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Alain Prost na Faransa, kuma yana cim masa a kowane zagaye. Prost ya dinga ɗaga hannu yana neman a tsayar. Aka ɗaga jar tuta, aka ɗauki sakamakon zagaye na 31, Prost ya ci. Da yake ba a yi nisa ba, rabin maki aka bayar, wato 4.5. Ga inda abin yake: da an bari an gama, ko da Senna ya wuce shi, na biyu zai ba Prost maki 6. A ƙarshen shekarar Niki Lauda ya ɗauke gasar duniya daga hannun Prost da rabin maki.

A 1988 su biyun suna kamfani ɗaya, McLaren, mota iri ɗaya. A gwajin ranar Asabar Senna ya fi Prost da daƙiƙa 1.4, tazarar da a wannan wasa kamar tsakanin doki da jaki ce. Ranar Lahadi ya yi gaba da kusan daƙiƙa 50, aka gaya masa ta rediyo ya sassauta, babu mai kama shi. Ya sassauta, hankalinsa ya ɗan saki, a zagaye na 67 ya daki shinge dab da mashigar hanyar ƙarƙashin gini. Ya fito daga motar, bai koma wurin abokan aikinsa ba, ya taka da ƙafa zuwa gidansa da ke kusa, ya rufe ƙofa. A wane filin tsere ne direba zai yi haɗari ya wuce gida a ƙafa, in ba a Monako ba? Daga 1989 zuwa 1993 bai sake bari wani ya ci ba. Da na 1987, sau shida ke nan, kuma har yau babu wanda ya kamo shi.

Nasararsa ta 1992 ce ta fi fito da halin hanyar. Nigel Mansell ya zo da motar Williams da ta fi ta kowa, ya ci tsere biyar na farkon shekara a jere, yana kan gaba a nan ma, sai matsalar taya ta sa shi tsayawa saura zagaye bakwai. Ya fito da sababbin tayoyi a bayan Senna, wanda nasa sun riga sun suɗe. Mansell ya cim masa, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, zagaye uku yana manne da shi. Senna ya ajiye motarsa a tsakiyar titi a duk inda ake iya wucewa. Tazarar da ta raba su a ƙarshe ba ta kai rubu'in daƙiƙa ba. Ana kirga wannan cikin manyan abubuwan kallo na wasan, kuma ya cancanta. Sai dai abin da ya ba shi daɗi shi ne kuma ciwon da ke damun tseren yau: a Monako mota mai gudu ba ta iya wuce mai jinkiri idan na gaba bai yi kuskure ba.

Nelson Piquet, wani ɗan Barazil ɗin, ya taɓa kwatanta tuƙi a nan da hawan keke a cikin falo. Tun lokacinsa falon bai ƙara faɗi ba, keken kuwa ya yi ta girma. A 2017 faɗin motocin ya kai mita 2, tsawonsu ya haura mita 5. Zagayen da ya fi sauri a 1929 ya ɗauki minti 2 da daƙiƙa 15, a gwajin 2025 Lando Norris ya yi shi cikin ƙasa da minti 1 da daƙiƙa 10. Sakamakon haka, ranar Asabar ta zama ita ce ainihin tseren, Lahadi kuma sau da yawa jerin gwano. A 2018 Daniel Ricciardo ya ci da injin da ya rasa wani babban kaso na ƙarfinsa, na bayansa suna gani suka kasa wucewa. Sai ruwan sama ne kan birkita lissafi, kamar 1996, ranar da motoci uku kacal suka kai ƙarshe, Olivier Panis ya ci daga matsayi na 14.

A 2025 masu gasar suka gwada magani, suka wajabta wa kowa tsayawa canjin taya sau biyu. Kamfanoni suka juya dokar: direba ɗaya ya rage gudu da gangan ya tare na baya, abokinsa ya sami tazarar shiga ya fito ba tare da ya rasa matsayi ba. Har George Russell ya gaji, ya yanke ta karkatar bakin ruwa ya wuce wanda ya tare shi, ya gwammace a hukunta shi. Idan doka ta kai mutum ga zaɓen hukunci a kan bin layi, to matsalar ta fi ƙarfin doka.

To me ya sa ba a bar shi ba? Kuɗi na ciki, babu musu. Tashar kan cika da jiragen ruwan attajirai a makon, direbobi da yawa ma a garin suke zaune saboda maganar harajin nan ta 1869. Ana yi wa Monako sassaucin da ba a yi wa kowa: dokar gasar ta ce tsere ya kai kilomita 305, nata 260 ne. Ana ɗaukar kimanin mako shida ana kafa shinge da kujeru, mako uku ana kwashewa, ana like marafan magudanan ruwa don kada iskar mota ta tsotso su, da yamma kuma a buɗe hanya jama'a su wuce. Biranen da suka kwaikwaye ta, Singafo a 2008, Baku a 2016, Jidda a 2021, Las Vegas a 2023, suna da titunan da suka fi faɗi da aljihun da ya fi zurfi, kuma zuwansu ya rage wa Monako ƙarfin ciniki. Har ta haƙura da tsohuwar al'adarta ta yin gwaji ranar Alhamis a huta Juma'a. Duk da haka a 2024 aka sabunta mata yarjejeniya zuwa 2031. Ni dai ina cikin masu cewa a bar ta. Na yarda Lahadinta kan sa barci. Amma minti ɗaya da 'yan daƙiƙun nan na ranar Asabar, lokacin da direba ke goga tayarsa a jikin ƙarfe da gangan don ya ci ɗan abin da ido ba ya gani, babu irinsa a sauran filayen da aka shimfiɗa wa kwalta a gefe don mai kuskure ya dawo lafiya.

Tseren 2024 ya haɗa hujjar masu suka da ta masu yabo a rana ɗaya. An yi haɗari a zagayen farko, aka tsayar, kowa ya canja taya a lokacin, daga nan babu sauran dabara. Direbobi goma na farko suka gama a daidai jerin da suka tashi, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gasar. Amma wanda ke gaban jerin shi ne Charles Leclerc na Ferrari, haifaffen garin, wanda ya bi waɗannan tituna zuwa makaranta yana yaro. Garin ya sha ba shi kunya. A 2021 ya fi kowa a gwaji, motar ta lalace kafin a tashi. A 2022 ya sake tsayawa gaba, kamfaninsa ya rikita masa canjin taya, ya ƙare na huɗu. Mahaifinsa, wanda ya sa shi a wannan hanya, ya rasu tun 2017, kafin ya ga ɗansa a Formula 1, kuma Leclerc ya faɗa da bakinsa cewa a zagayen ƙarshe-ƙarshe hawaye ya dinga kare masa gani.

Tun Chiron a 1931 babu ɗan Monako da ya ci a gida, shekara 93 ke nan. Yarima Albert na biyu, wanda bisa al'ada shi ke miƙa kofi, ya rungume shi a kan dandamali. Da aka gama biki, Leclerc ya tura shugaban tawagarsa cikin ruwan tashar jiragen, shi ma ya bi shi da tsalle.